Yadda Na Zana Garin da Ruwa Ya Cinye

Ko da zan manta da komai a wannan sana'a tawa ta zane, ba zan taɓa mantawa da kwana biyar ɗin da na yi a wani ƙauye na bakin tafki a ƙasar Ngaski ba. Na tafi da niyyar yini ɗaya, in zana ruwa da gajimare in koma Yelwa kafin magariba, sai ga shi an tasa ƙeyata zuwa gaban mai gari kamar wanda aka kama da akuyar mutane. Yau shekara goma ke nan ko fiye, amma duk ranar da abin ya faɗo mini a rai sai na yi dariya ni kaɗai.

A lokacin ina koyar da zane a wata makarantar sakandare a Yelwa. Yawancin waɗanda muka koyi aikin tare sun koma zana fuskokin manyan mutane ko rubuta allunan shaguna. Ni kuwa ƙasa ce ta kama mini zuciya: kogi, duwatsu, fadamar shinkafa, gonakin albasa. Kuma ba na iya aiki a ɗaki. Na sha gwada ɗaukar hoto a waya in zo gida in kwaikwaya, amma zanen sai ya fito salam, ba rai. Sai na ji iska tana kaɗa mini riga, ƙuda yana damuna, hasken rana yana sauyawa a kan ruwa ina bin sa da gaggawa, sannan hannuna yake sakewa. Innata takan ce ita dai ba ta ga amfanin mutum ya yi karatu mai zurfi ya ƙare a gindin bishiya yana kallon ruwa ba. Kayan aikina ba su da yawa: fentin mai na kanti, burushi guda shida, yadin akoko da nake ɗaurewa a jikin katako in shafe da farin fenti, sai wani maɗori mai ƙafa uku da kafinta ya haɗa mini don in riƙa jingina allon.

Da bazara ne, muna hutun makaranta. Na shiga mota zuwa Wara, daga nan na hau kabu-kabu na ce ya bi da ni gefen tafki har sai na ga inda ya yi mini. Mun yi tafiya mai ɗan nisa, sai muka hau wani tudu, tafkin ya buɗe a gabanmu. Ruwa ya ja baya, ya bar gaɓa mai faɗi da aka shuke da albasa, kore shar. Can gaba ruwan ya yi fari kamar faranti, gajimaren bazara sun taru a sama ba su yanke shawarar zubowa ba. A tsakiyar ruwan, nesa sosai, akwai wani baƙin abu ɗan ƙarami da ya leƙo. Na ce wa ɗan kabu-kabu ya sauke ni, ya dawo da la'asar. Na hango rufin gidajen ƙauye a bayan wasu mangwarori, amma ko a jikina. Hasken safiya ba ya jiran kowa, don haka na kafa maɗorina na hau aiki.

Mu masu zane muna da wata ɗabi'a. Idan za mu gane girman abu, sai mu miƙe hannu da burushi, mu runtse ido ɗaya, mu auna da babban yatsa. Haka na yi ta yi wajen awa biyu, in auna in shafa, in auna in shafa. Ban san cewa mata masu ban-ruwan albasa sun bar aikinsu ɗaya bayan ɗaya sun nufi gari ba.

Sai na ji an yi gyaran murya a bayana. Na waiga, na ga wani ƙaƙƙarfan mutum, shekarunsa za su kai arba'in, da igiyar taru a kafaɗa da gora a hannu. Daga baya na san masunci ne, kuma shi ne shugaban 'yan sintirin ƙauyen. A bayansa akwai maza kamar goma, babu mai murmushi.

"Sannu da aiki, Malam," in ji shi. "Mi kake aunawa?"

Na yi dariya na ce ba awo nake yi ba, zane nake yi.

"To. Wa ya aiko ka?"

Na ce babu kowa, sha'awa ce kawai. Wannan amsa ita ta ƙara ɓata lamarin. Suka dubi juna. Wane mahaukaci ne zai baro Yelwa, ya zo ya tsaya a rana, don sha'awa kawai? Masuncin ya naɗe maɗorin ya saɓa, wani ya ɗauki allon da fentinsa ɗanye, aka sa ni a tsakiya muka nufi gari. Na laluba aljihu, katin shaidar aikina yana gida a cikin wata rigar. Na duba waya, babu sabis ko ɗigo. A nan ne gumin da nake yi ya sauya iri.

Mai garin dattijo ne siriri mai farin gemu, yana zaune a kan tabarma a gindin mangwaro. Ya saurari bayanin masuncin, ya saurari nawa, sannan ya nuna maɗorin da sandarsa.

"Yaro, ka san ko mu su wane ne? Mu Gungawa ne. A tsibiri anka haihe ni, a tsakiyar kogi. Ina ɗan yaro wasu mutane sunka zo da abu mai ƙafa uku irin wanga. Su ma haka sunka yi ta runtse ido guda suna leƙe. Munka ba su ruwa, munka ba su kifi. Ba a daɗe ba anka ce mu kwashe, za a tare kogi. To yanzu kuma ina za a kai mu?"

Wani daga cikin taron ya ce ai masu neman zinari ne suka turo ni in duba musu gonakinsu. Wani ya ce a zamanin nan baƙon da ya tsaya yana ƙare wa gari kallo ba a sakin sa haka nan, a kai ni wurin 'yan sanda. Wani kuma ya ce a fara jefa kayan a ruwa tukuna. Na yi rantsuwa, na yi bayani, na faɗi sunan makarantarmu, amma muryata ni kaina ba ta gamsar da ni ba. Yau da nake ba da labarin ina ganin gaskiyarsu. Mutanen da aka taɓa tayar da su daga gidan iyayensu, ba za su ga abu mai ƙafa uku su yi masa maraba ba.

Ana cikin haka sai wata tsohuwa ta ratso taron. Gajera ce, baƙa, jikinta duk ƙanshin hayaƙin bandar kifi. Mahaifiyar masuncin ce. Ba ta ce wa kowa komai ba, ta wuce kai tsaye inda aka jingine allon a jikin bishiya, ta durƙusa, ta kai fuskarta kusa har na ji tsoron fenti zai taɓa mata hanci. Ta daɗe. Sannan ta nuna ɗan baƙin ɗigon da na yi a tsakiyar ruwa.

"Wa ya hwaɗa maka ka sa wanga?"

Na ce, "Inna, babu kowa. Na gan shi ne na sa. Ban ma san ko mene ne ba."

"Dutsen bayan gidanmu ne," in ji ta. "Nan muka shanya tsaki." Ta juya ga mai gari. "Kai kuma ka zauna kana tsorata ɗan mutane. Mai awo yana yin gajimare? Dubi gajimare ya yi, har da balbela."

Aka yi 'yar dariya. Ashe ita da mai gari taubasai ne, 'yar mace da ɗan namiji, don haka ita kaɗai ce a garin take iya faɗa masa magana son ranta. Ta dawo kaina ta ce, tunda na iya zana saman ruwa, zan iya zana abin da ke ƙarƙashinsa? Na ce ban taɓa ganin sa ba. Ta ce ita ta gani, kuma bakinta lafiya lau yake.

Mai gari ya shafa gemu ya yanke hukunci. Idan da gaske ni mai zane ne, in zauna in zana musu tsohon garinsu yadda tsohuwa za ta faɗa. Idan ya fito, in tafi da kayana da godiya. Idan bai fito ba, sai a san abin yi. Da ɗan kabu-kabu ya dawo, na ba shi saƙo ya kai gida cewa ina nan lafiya, aiki ya riƙe ni. Ban ce masa a tsare nake ba. Gaskiya ma tsarewar ba ta yi kama da tsarewa ba, don tuwon shinkafa da miyar kifin da aka kawo mini a zauren mai gari ban taɓa cin irinsu ba.

Washegari da sassafe muka shiga kwalekwale, ni da tsohuwa da mai gari, masuncin yana tuƙi. Mun yi fiye da rabin awa kafin mu isa dutsen. Faɗinsa bai wuce tabarma uku ba, kashin tsuntsaye ya yi masa fari. Tsohuwa ta riga kowa hawa, ba ta yarda an kama ta ba. Ta tsaya a kai, ruwa ya kewaye mu ta ko'ina, ta fara nuni da hannu kamar mai nuna wa baƙo unguwa.

"Nan ɗakin innata. Nan rumbuna ukku, na tsakiya ya hi tsawo. Ka bi nan, ka gangara, sai mashaya, inda jirage ka tsayawa. Can kuma kuka."

Ni ina durƙushe da takarda da fensir ina ta ja. Duk inda ta nuna, ruwa kawai nake gani yana kaɗawa, amma ita idonta yana sauka a kan abu. Mai gari ya ce kukar ba can take ba, tana gabas da mashaya. Ta ce shi me ya sani, lokacin ko wando ba a fara sa masa ba. Ya ce a sa masallaci kusa da gidansu. Ta ce a lokacin babu gini, fili ne aka kewaye da duwatsu, mutum biyar ke salla a ciki, kuma haka za a zana shi. Ya nuna bai so a sa kukar ba, don a gindinta mutanen da can suke yin al'adunsu na gargajiya. Ta ce, "Alhaji, a bar kuka inda Allah ya tsirar da ita. A inuwarta anka yi maka askin suna." Masuncin ya yi dariya har ya kusa sakin filafilin tuƙi.

A rana ta uku na kafa allo a kan tudun nan, ina fuskantar tafki, na fara shafa fenti. Rabin gari ya zo kallo. Na zage na nuna gwaninta, na haɗa ja da rawaya na yi bangon ɗakuna, na yi rufin ciyawa yana sheƙi. Da azahar tsohuwa ta zo ta duba. Ta taɓe baki.

"Wanga gidan biki ne. Mu bangonmu ba ya ƙyalli."

Na rage haske, na ƙara baƙi, na ƙara fari. Ta ce yanzu kuma ya zama kamar hanta. Na haɗa kala ta kai bakwai, duk ta ƙi. Raina ya fara ɓaci, don ni a ganina na yi karatun abin nan, ita kuwa ko burushi ba ta taɓa riƙewa ba. Na ce mata iyakar abin da fentina zai iya ke nan. Ta dube ni kamar na faɗi abin kunya, ta ce, "To wa ya ce sai da naka?"

Ta kira surukarta, matar masuncin, suka ɗauki ƙwarya da fartanya suka gangara wani kwazazzabo. Suka dawo da jar ƙasa, da wata mai ruwan zuma, da farar ƙasa. Aka niƙa su a dutsen niƙa, aka tankaɗe da rariya. Aka jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa da ake zuba ruwansa a daɓen ɗaki, ya ba da wani ruwan ƙasa mai duhu. Aka daka gawayi. Surukar ta kawo shuɗin wanki. Tsohuwa ta jiƙa ƙaro a ruwan ɗumi ta ce da shi za a dama, shi zai riƙe ƙasar kada ta kakkaɓe. Ta ce haka suke yi wa ɗakin amarya ado a tsibiri. Na taɓa karanta irin wannan a littafi muna makaranta, har na amsa tambaya a kansa a jarrabawa, amma ban taɓa sa hannuna a ciki ba sai ranar.

Fentin ƙasa ba ya kama kan na mai, don haka dole na ajiye aikin yini guda na ɗaure sabon akoko. Da na ja layin farko da jar ƙasar nan, na ga yadda yadin ya shanye ta, ta bushe ta yi laushi a ido, sai na tsaya ina kallonta. Kalar da na yi shekaru ina nema a kanti ce, ashe tana ƙarƙashin takalmina. Tsohuwa ta leƙo ta ce, "Yawwa. Ga bango."

Daga nan aiki ya tafi. Na ƙarasa wannan yini da na washegari a kan tudun, an kafa mini rumfar zana. Iska tana tasowa daga tafki, masunta suna wucewa suna ɗaga mini hannu, tsohuwa tana zaune a kan kujerar tsugunno tana gyaran kifi tana ba da umarni. Tsofaffi suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa da buƙatarsa. Wannan ya ce a sa turken akuyar babansa, wancan ya ce akwai gwanda a bayan ɗakinsu. Wata ta zo daga coci ranar Lahadi, ko gida ba ta biya ba, ta ce kada a manta da ramin da suke ɗiban yumɓun tukwane. Na sa duk abin da tsohuwa ta amince da shi.

Rana ta biyar da hantsi na ajiye burushi na ce na gama. Aka kira mai gari, gari ya taru. Ni kaina na san aikin ya yi kyau: tsibiri a tsakiyar kogi, ɗakuna, rumbuna, kuka, mashaya, dutse. Mutane suna ta kabbara da salati. Amma tsohuwa ta matso kusa. Ta duba sama, ta duba ƙasa, fuskarta ta sauya.

"Ɗana," in ji ta a hankali, "ina mutanen? Wanga ai ranar da munka tashi ce ka zana."

Ni a tsarina ba na sa mutum a zane, ƙasa da ruwa da sama kawai nake yi, har alfahari nake da hakan. Ban taɓa tunanin cewa gari babu kowa, a idon wanda aka fitar daga cikinsa, ba kyau ba ne, ciwo ne. Na ɗauki burushi mafi siriri. Na tambaye ta da wane lokaci innarta take hura wuta. Ta ce da asuba, kafin kowa. Na dama farar ƙasa da ɗan gawayi, na ja siririn hayaƙi yana tashi daga bayan ɗakin. Na sa jirage biyu a mashaya, da mutum yana kwance taru. Na baza albasa a kan wani rufi. A kan dutsen kuma na ɗiga wata 'yar yarinya, tsawonta bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba, ta sunkuya tana shanya.

Tsohuwa ta kai yatsa kusa da yarinyar, ba ta taɓa ba. Hawaye ya gangaro mata, amma bakinta dariya yake yi. "Ja'ira," in ji ta, tana nufin kanta tana ƙarama. "Kullum sai kaji sun cinye mata rabin tsakin, a yi ta dukanta." Sai ta juya ga jikokinta da sauran matasan da aka haifa a tudu, ta fara nuna musu gida-gida, tana faɗin wanda ke ciki da wanda ya haifa. Masuncin da ya kamo ni yana tsaye kusa da ni. Ya ce tun yana yaro take ba su labarin garin nan, shi ya ɗauka rabinsa tatsuniya ce. Ya kama hannuna da hannu biyu ya ce in yafe masa. Na ce ni ne zan nemi gafara.

Sai rigima ta tashi a kan inda za a rataye zanen. Mai gari ya ce zaurensa, tunda shi ya yanke hukuncin. Tsohuwa ta ce ƙasarta ce, ƙaronta ne, bakinta ne. Ta naɗe shi a zanen ɗaurawarta ta ɗora a kai ta wuce, ta ce duk mai son gani ya zo ya yi sallama. Ni kuma aka sallame ni da buhun albasa da kwandon busasshen kifi. Har muka isa Yelwa fasinjojin motar suna tambayar wane ne ɗan kasuwar kifi a cikinmu. Da Innata ta ga kwandon, ta ce to, yau dai kallon ruwa ya yi rana.

Tun daga wannan tafiya ban ƙara sayen fentin kanti ba sai jefi-jefi. Da ƙasa nake aiki. Duk inda na je, Shanga ko Birnin Yauri ko tsallaken kogi, ƙasar wurin nake ɗiba in zana wurin da ita, kuma kowace da irin kalarta. Ɗalibaina ma na fitar da su daga aji, muna yawon kwazazzabai da ƙwarya. Duk bazara nakan koma ƙauyen. Tsohuwa tana nan da ranta, idonta ya rage gani amma bakinta bai rage ba. Zuwana na bara ta ce ta daɗe tana son gaya mini, rumbun tsakiyar nan na gajarta shi.

Abin da wannan al'amari ya koya mini shi ne, ido komai kaifinsa rabin wuri yake gani. Ni na ga ruwa da baƙin ɗigo, ita ta ga gidan ubanta. Babu fili, babu dutse, babu gaɓar da ba ta da masu ita da labarinta, ko da kai baƙo ka gan ta fayau. Kuma ilimin da na ɗauka sai a makaranta ake samunsa, na same shi cikakke a hannun matar da ba ta taɓa shiga aji ba. Shi ya sa yanzu duk inda na je aiki, kafin in buɗe jakata nakan nemi tsofaffin wurin in zauna, in yi shiru, su gaya mini abin da nake kallo.